Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen kayan inji idan za a sauya wa tsohuwar Peugeot 504 inji

Peugeot 504, wadda muka fi sani da Fijo, ta fito a Faransa a 1968, kuma tun daga 1975 aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna har tsawon kimanin shekara talatin. Shi ya sa har yau akwai masu riƙe da ita, wani gadonta ya yi daga mahaifinsa, wani kuma da ita yake neman abinci. Idan injinta ya gaji aka yi shawarar sauya shi, yawancin asarar da ake tafkawa ba ranar ɗora inji ake yin ta ba. Tun a kasuwa ake yin ta, lokacin da mai mota ya shiga Fanteka ko Ƙofar Ruwa yana sayen kaya ɗaya-ɗaya, kowanne mai kyau a karan kansa, amma babu wanda aka auna da ɗan'uwansa.

Kuskuren da ke haifar da sauran shi ne fara sayayya kafin a tsayar da aikin da motar za ta yi. A-kori-kurar da ke ɗaukar buhunan masara a hanyar ƙauye ƙarfin ja take buƙata tun inji yana juyawa a hankali, ita kuwa salon, wato ƙaramar motar shiga, da ake hawa babban titi da ita numfashi take so a dogon gudu. A kan kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul ɗin inji, wannan kuskure ya fi fitowa fili. Mutum zai ji an ce wani kamshaf yana ƙara ƙarfi, sai ya saya, bai san cewa kamshaf mai barin bawul a buɗe na tsawon lokaci ɗauke ƙarfin yake yi daga ƙasa ya kai shi sama ba. Sakamakon shi ne mota ta riƙa rawa a silo, wato idan inji na aiki ba a taka totur ba, ta yi nauyin tashi a cunkoso, ta ƙara shan mai, kuma zuƙar iskar da ke taimaka wa birki ta ragu har feda ta yi tauri. Ga motar da ake hawa kullum, kamshaf na asali ko wanda ya ɗara shi kaɗan ya wadatar. Wanda ya dage sai ya sauya, to ya haɗa da sifirin na bawul da ya dace da shi, da sababbin tafet, wato ƙarafan da ke gogar kamshaf suna tura bawul, domin tsohon tafet ya riga ya ci daidai da tsohon kamshaf, kuma cikin ɗan lokaci zai cinye sabon.

Daga nan sai batun matsi. Kan injin 504 na alminiyam ne, idan ya sha zafi yakan lanƙwashe, sai a kai shi a goge. Laifin shi ne ba a tambayar sau nawa aka goge shi a baya. Kowace guga tana rage ɗakin da mai ke ƙonewa, matsi ya ƙaru, kuma idan aka haɗa kan da aka goge sau biyu ko uku da fistin mai tudu da gasket siriri, sai injin ya fara wannan ƙarar mai kama da an kaɗa tsakuwa a gwangwani duk sanda aka taka shi a hawa. Wannan ƙara ba ta kunne kaɗai ba ce, man ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba, kuma ita ke karya ringi da huda fistin. Gyaran shi ne a auna kaurin kan a gwada da abin da littafin motar ya faɗa, kuma a tuna cewa fetur ɗin gidajen manmu ba kullum yake jure matsi mai yawa ba, musamman a zafin bazara.

Inda na fi ganin an yi sakaci shi ne silinda. Injin 504 da ake kira XN1 mai girman cc 1971, wanda faɗin silindarsa milimita 88 ne, ba a jikin buloki aka huda silindarsa ba. Kowace silinda bututu ce da ake zarewa, ruwa na kewaye da ita kai tsaye, kuma dole bakinta ya ɗan ɗara fuskar buloki da abin da bai kai kaurin takarda biyu ba, domin gasket ya samu abin kamawa. Na taɓa tsayawa a wani gareji ana buɗe injin da bai yi wata biyu da haɗawa ba. Da bakaniken ya zaro sandar duba baƙin mai, sai ga ta da wani abu fari-fari kamar kunun gyaɗa. Mai motar ya sayi fistin sababbi da gasket mai tsada, amma yaron da ya haɗa injin ya juya karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, alhali kan injin yana cire, ba tare da ya danne silindun ba, ɗaya ta motsa daga mazauninta, ruwa ya samu hanya. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, domin ƙarafa biyu da noti huɗu sun isa su hana wannan. Silinda da fistin da ringi a saye su saiti guda daga kamfani ɗaya, a sa sabon abin toshe gindin silinda, a auna tudun kowacce kafin a rufe. Shi ma ringi a tura shi cikin silinda shi kaɗai a auna ratar bakinsa; a faɗi irin wannan ana neman abin da bai gaza kimanin milimita 0.35 ba, sai dai idan takardar da ta zo da shi ta faɗi wani adadi. Ringin da ba shi da rata, da ya yi zafi bakunansa za su haɗu ya karce silinda.

Haka metal yake, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu. Ba a sayen sa da ido ko da faɗar mai sayarwa. Sai an auna karanshaf an san ko an taɓa goge shi, sannan a sayi lambar da ta dace. A auna famfon baƙin mai, a sauya sarƙar tayimin, a ɗaure kowane kusa da sifana mai awo maimakon ƙarfin damtse. Fistin irin na motocin tsere kuwa, wanda ake ƙera shi da duka ba da zubi ba, ɓarnar kuɗi ne a injin da ba a sa masa tabo mai cusa iska (turbo) ba, kuma yana ƙwanƙwasa da safe saboda ratar da yake buƙata.

Idan kuma injin wata mota daban za a ɗora, to ma'auni ya riga kuɗi zuwa kasuwa. Injin 504 a kishingiɗe yake da digiri 45, shi ya sa bonet ɗinta ya yi ƙasa, kuma inji mai tsayuwa sak irin Toyota 22R yana iya taɓa bonet ta sama, kwanon baƙin mansa kuma ya ci karo da ƙarfen da ke gicciye a ƙasa. Wasu sukan ɗauka injin Peugeot 406 zai shiga tunda gida ɗaya ne, alhali shi a gicciye yake zama yana jan ƙafafun gaba, bakinsa kuma bai dace da giyabos ɗin 504 ba. Na 505 ya fi kowane kusa. A salon, sandar da ke kai ƙarfi baya a cikin wani bututu take wanda aka ɗaure da giyabos, don haka sauya giyabos ba ƙaramin aiki ba ne. Injin Beljiyam mai injekta a karɓe shi da kwamfutarsa da wayoyinsa ba a yanke ba, da makullinsa idan mai tsaro ne, kuma a sani famfon mansa yana tura mai da matsin kusan bar 3, ninki goma na abin da kafireto ke so, tsohon tiyo ba zai ɗauka ba. Mai komawa dizal kuma ya tanadi famfon zuƙar iska na birki, ya kuma san gudun motar zai ragu idan ba a sauya giyar baya ba.

Ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, saboda haka lagireton da ya toshe sai an wanke shi ko an sauya. Al'adar cire tamostat, wato abin da ke tsare ruwa har inji ya ɗau zafi, da sunan ƙasarmu da zafi ban yarda da ita ba, domin injin da ba ya kai zafin aikinsa da wuri ya fi cin ringi da shan mai. Birki ma a gyara shi kafin a gwada gudu.

Ranar tayarwa ta farko, idan kamshaf sabo ne, kada a bar injin a silo. A riƙe shi tsakanin juyi 2000 zuwa 2500 a minti ɗaya har na kimanin minti 20, ido a kan allurar zafi da fitilar baƙin mai. A juye man bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, a sake saita bawul, sannan a je ofishin lasisi a sauya lambar inji a takardun mota kafin a hau hanya da ita.