Yadda ƙungiyar 'yan kasuwa za ta ci gaba da aiki a lokacin annoba

Da aka rufe Legas da Abuja ranar 30 ga Maris, 2020 saboda cutar korona, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu sun shiga ruɗani, domin yawancin dokokinsu na cikin gida sun wajabta haɗuwa ido da ido.

Shugabanni su fara da kundin tsarin mulkin ƙungiyar, su gyara shi yadda zai halatta taro ta Zoom, ya kuma fayyace yawan mambobin da halartarsu ke tabbatar da taro da yadda za a ƙirga ƙuri'a. Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda aka sa wa hannu a watan Agustan 2020, ta amince kamfanoni masu zaman kansu, wato waɗanda ba sa sayar wa jama'a hannun jari, su yi babban taronsu ta intanet matuƙar ƙa'idojinsu sun yarda. A ganina, idan annoba ta hana taron zaɓe, tsawaita wa'adin shugabanni ba tare da amincewar mambobi ba babban kuskure ne, domin yana zubar da amana.

Baje kolin kaya kuwa, gwamma a ɗage shi da wuri, a mayar wa 'yan kasuwa kuɗin rumfa ko a ajiye musu zuwa baɗi. Ƙananan 'yan kasuwa marasa kwamfuta a riƙa isar musu da sanarwa ta WhatsApp da rediyo.