Yadda Ake Gina Hauhawar Waƙar Bishara da Taimakon Ƙirƙirarriyar Basira

Duk wanda ya taɓa halartar sujadar Lahadi a majami'ar ECWA ko COCIN a Jos, ko ta EYN a Mubi, ya san wurin nan da waƙa take sauka ƙasa, kiɗa ya yi laushi, mai ba da waƙa ya kama layi guda yana ta maimaitawa, sa'an nan ganga ta fara motsi a hankali, 'yan amshi su riƙa ƙaruwa, har jama'a su miƙe tsaye ba tare da kowa ya umarce su ba. Wannan sashe shi nake kira hauhawa. A majami'a yana zuwa da sauƙi domin makaɗa suna kallon fuskokin mutane, amma a situdiyo, inda babu kowa sai furodusa da kwamfutarsa, dole ne a gina shi da gangan. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rage wahalar ginin ƙwarai, muddin an san aikin da za a ba su da wanda ba za a taɓa sakar musu ba.

Kafin ka buɗe kowace manhaja, ka zauna da kalmomin waƙar ka zaɓi layin da hauhawar za ta hau kansa. Ya kasance gajere, wanda tsohuwa da yaro za su iya kamawa a ji na biyu, kuma ya kasance shi ne zuciyar saƙon, ko godiya ce, ko tuba, ko shelar nasara. Ina nanata wannan ne domin manhaja ba ta san dalilin da ya sa kiɗa yake tashi ba, ta dai koyi yadda tashin yake sauti. Wanda yake neman tsari ya duba Zabura ta 150: ayoyi shida ne kacal, ana ambaton kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙaho zuwa kuge masu ƙara, kafin a ƙarshe a kira duk mai numfashi. Haka hauhawa mai kyau take tafiya, kaya suna shigowa bi da bi, muryar jama'a ce take rufewa.

Daga nan sai ka yanke tsawonta. Idan waƙar sujada ce mai bugu 72 a minti, kuma kowane awo, wato rukunin bugu da ake ƙirga kiɗa da shi, yana da bugu huɗu, to awo takwas zai ci kusan daƙiƙa 27, awo goma sha shida kuwa ya haura daƙiƙa 53. Takwas ya isa yawancin waƙoƙin da za a saka a rediyo ko a tura ta WhatsApp. Goma sha shida sai idan layin yana da nauyin da zai jure maimaici.

Aiki na farko da ya dace da waɗannan manhajoji shi ne rarrabe sauti. Sau da yawa abin da ƙungiyar mawaƙa take kawowa situdiyo rikodin ne da aka ɗauka da waya lokacin gwaji, murya da kibod da ganga duk a cakuɗe. Moises da LALAL.AI, da Demucs wadda kyauta ce, suna iya raba irin wannan rikodin zuwa murya daban, ganga daban, bes daban, sauran kiɗa daban. Manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ta samu wannan damar a cikinta tun 2023, Logic Pro 11 kuma ta zo da tata a 2024. Moises tana kuma nuna ki ɗin waƙar, wato matakin sautin da aka ɗora ta a kai, da saurin bugunta da jerin kod ɗinta, wato sautukan da ake bugawa tare a kibod. Amfanin wannan a wurina ba tsabtace sauti ba ne kawai. Idan ka ware muryoyin ka saurare su su kaɗai, za ka ji daidai wurin da mawaƙan da kansu suka fara ɗaga murya da wurin da suke jan numfashi, kuma a kan wannan taswirar ya kamata ka ɗora komai. Ka lura cewa an horar da waɗannan manhajoji galibi da kiɗan Turawa, saboda haka tulun da zumuntar mata suke bugawa yakan faɗa cikin bes, kalangu kuma wani lokaci yakan rabu gida biyu. Irin waɗannan kayan gara a sake ɗaukarsu da makirufo.

Sai ganga, wadda ita ce ƙashin bayan hauhawa. Makaɗin gangar kwamfuta da ke cikin Logic Pro, da sashen Bandmate na manhajar ganga ta EZdrummer 3, suna iya bin abin da ka riga ka buga su ba ka salon ganga da ya dace da shi. Kada ka nemi salo ɗaya na awo takwas gaba ɗaya. Ka raba shi kashi huɗu, awo bibbiyu: a na farko babbar gangar ƙafa kaɗai tana buga kowane bugu, a na biyu gangunan tom su shigo, a na uku ƙaramar ganga mai kaifi ta fara ninka bugunta, a na huɗu ta sake ninkawa tare da kuge. Bayan haka ka mayar da abin da manhajar ta bayar zuwa MIDI, wato rubutun bugu da kwamfuta take karantawa, ka gyara da hannu, domin ta saba cika kiɗa da ado tun da wuri, alhali ƙarfin hauhawa yana cikin abin da aka hana kunne har lokacinsa ya yi. Idan waƙar tana kan bugun nan na shida-takwas (6/8) da muke rawa da shi a lokacin baiko, ka saurara da kyau, don yawancin salon da manhajojin suke da shi a wannan awo na waƙoƙi masu sanyi ne, ba su da tsallen da ƙafafunmu suka sani. A nan makaɗi na gaske ya fi, ko da konga ɗaya zai buga a kan abin da kwamfuta ta shimfiɗa.

A ɓangaren kod, makaɗan majami'unmu da do-re-mi suke magana, kuma da shi za ka tantance duk shawarar da manhaja ta ba ka. Jerin da ya fi aiki shi ne la, fa, do, so ana zagayawa, sa'an nan a awo biyu na ƙarshe a tsaya a kan so a ƙi sauka, har kunne ya ƙosa ya ji do. In za ka ɗaga ki da rabin mataki, misali daga C zuwa D-flat, to kod na ƙarshe kafin amshi ya zama A-flat, wato so na sabon ki. Sai dai ka fara gwada masu siririyar murya, domin manhaja za ta ɗaga maka ki sau uku ba tare da ta gaji ba, maƙogwaron mutum kuwa yana da iyaka.

Suno da Udio, masu ƙirƙiro waƙa sukutum daga rubutu, ina amfani da su ne a matsayin allon gwaji. Nakan bayyana saurin bugu da ki da yanayin da nake so, in saurari fitarwa biyar ko shida, in ɗauki dabara guda, kamar wurin da goge ya shigo ko wurin da kiɗa ya ɗauke, sa'an nan in buga ta da kaina. Dalilai biyu ne suka sa ba na saka sautinsu kai tsaye. Na farko, sharuɗɗan Suno ba su ba mai amfani da tsarin kyauta izinin kasuwanci da abin da ya fitar ba, kuma a watan Yunin 2024 manyan kamfanonin faifai na Amurka sun kai kamfanonin biyu kotu kan waƙoƙin da aka horar da manhajojin da su. Na biyu ya fi damuna: Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, ga kuma ɓ da ɗ da ƙ, muryar inji kuwa takan mayar da ƙauna ta koma kauna, ta karya karin kalma har ma'ana ta gurɓace. Layin da jama'a za su yi addu'a da shi bai kamata ya fito a karkace ba. Idan mawaƙa huɗu kawai kake da su, ka ɗauke su sau uku ko huɗu, suna canja tsayuwa a gaban makirufo, ka shigo da kowane rukuni bayan awo biyu.

Na koyi darasi na ƙarshe ne a hannun wata shugabar zumuntar mata da ta kawo ƙungiyarta ɗaukar waƙa. Na cika hauhawar da ganguna da sautin iska mai tashi, na bi da ita ta manhajar daidaita sauti ta ƙarshe, na kunna mata ina jiran yabo. Ta saurara da hannu a haɓa, ta ce, "Ɗana, kiɗan ya yi kyau, amma a ina za mu shaƙi numfashi kafin mu shiga?" Na ce, "Mama, bari in gyara." Da na duba, sai na ga manhajar ta matse sautin har farkon hauhawar da ƙarshenta sun zama ƙara ɗaya, kuma ban bar ko ƙiftawar ido na shiru ba.

Gyaran da na yi shi nake yi har yau. Ozone da LANDR, manhajojin daidaita sauti na ƙarshe, suna son ƙara ƙarfi, saboda haka nakan sassauta matsewar da suka zaɓa, tunda Spotify ma tana daidaita waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS a ma'aunin ƙarar sauti, ƙarar da ta wuce haka rage ta za a yi. Nakan sauke farkon hauhawar da desibel biyu, in bar ta ta hau a hankali, in rage kaurin bes a awo na ƙarshe, sa'an nan in yanke kiɗa gaba ɗaya na tsawon bugu ɗaya kafin amshi, a bar numfashin mawaƙan ya fito. Daga nan sai in tura waƙar zuwa ƙaramar waya in saurara a tsakar gida, domin ta irin wannan lasifikar yawancin mutane za su ji ta, kuma idan hawan ya ɓace a can, to tafi da muryoyi nake ƙarawa, ba bes ba.