Yadda ake tsinkar buluberi a gonakin New Jersey

Duk shekara idan watan Yuni ya raba tsakiya, nakan fara bugo wa gonakin da ke kewayen garin Hammonton waya, a kudancin jihar New Jersey, in ji ko sun buɗe wa mutane su shiga tsinka. Ku ma da wannan za ku fara. Wani lokaci idan jama'a suka wawashe nunannun ranar Asabar, sai mai gona ya rufe na 'yan kwanaki har wasu su nuna, kuma babu daɗi a ɗebo yara a mota a tarar da ƙofa a garƙame.

Ga wanda bai taɓa gani ba, buluberi 'ya'yan itace ne masu launin shuɗi mai duhu, girmansu kamar na magarya, amma babu ƙwallo a ciki. Itacen bai wuce tsayin mutum da yawa ba, kuma ba shi da ƙaya. Ƙasa mai yashi da tsami yake so, irin ta wannan yanki, shi ya sa a nan aka fara noma shi. Wata mata mai suna Elizabeth White ce ta haɗa kai da masanin tsirrai Frederick Coville, suka zaɓo na daji masu manyan 'ya'ya, suka kai amfanin farko kasuwa a 1916 daga ƙauyen Whitesbog da ke wannan jihar. Irin da ake kira Duke ne ke fara nuna a Yuni, Bluecrop ya biyo baya a Yuli. Ni dai Bluecrop nake jira.

Ku yi sammako, ku isa da zarar an buɗe, kafin rana ta take. A sa hula ko malafa, a riƙe ruwan sha, a sa dogon wando a cusa ƙafarsa cikin safa saboda kaska. Kaskar yankin nan tana ɗauke da cutar Lyme, don haka idan an koma gida a duba jikin yara da kyau, har bayan kunne da cikin gashi.

A bakin gona za a ba ku bokiti, ko a auna naku babu komai a ciki, domin da nauyi ake biya. Ni da tsohon gyale nake ɗaura bokitin a ƙugu, hannuwana biyu su samu sakewa.

Yanzu ga aikin kansa. Kada ku fizga. Ku tara tafin hannu a ƙarƙashin reshen da 'ya'yan suka yi cincirindo, ku riƙa murza su a hankali da babban yatsa. Wanda ya nuna zai faɗo muku da kansa. Wanda ya ƙi sakin jiki, ku bar shi, lokacinsa bai yi ba. Ku ɗauki ɗaya ku juya, ku dubi gindinsa, wurin da ya rabu da reshe. Idan da ɗan ja-ja a zagaye, tsami zai yi, ko da samansa ya yi shuɗi sosai. Buluberi ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne da za a ajiye ya ƙara zaƙi a ɗaki. Yadda aka tsinke shi haka zai zauna. Farar ƙurar da ke jikinsa kuwa ba maganin feshi ba ce, kakinsa ne na halitta da ke hana shi bushewa, kada a goge.

Shekararmu ta farko 'yata ta riƙa tumɓuko su gaba ɗaya, da muka zo gida rabin bokitinta ɗanye ne shar. Abin ya dame ni, domin rabon masu zuwa mako mai zuwa ne muka lalata. Tun daga nan sai na tsaya na nuna wa kowane yaro da hannuna kafin in sake shi.

Mutane sukan tsaya a farkon layi. Ku wuce can ciki, ku ɗaga rassa ku leƙa ƙasa, manya-manyan a inuwa suke ɓuya. Idan kun dace da itace mai kyau, ku gama da shi kafin ku matsa. Batun ɗanɗanawa kuma, a tambayi mai gona tukuna, dukiyarsa ce.

Kada a bar su cikin mota mai zafi, kada kuma a tula su a mazubi mai zurfi, na ƙasa za su dame. Ba a wanke su sai za a ci, domin danshi na jawo musu fumfuna. A firiji sukan yi mako guda lafiya. Ragowar nakan baza a faranti su daskare ɗaya-ɗaya, sannan in juye a leda. Idan sanyin Janairu ya shigo, sai in ɗebo cikin hannu in watsa a kindirmo in dama da fura.