Yadda Za Ka Shiga Shirin Aikin Wucin Gadi a Ƙaramar Hukumarka Ka Fita da Sana'a

A watan Janairun 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ayyukan jama'a na musamman ta hannun Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, inda aka ware gurbin mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774 da ke Najeriya, kowa zai karɓi naira 20,000 a wata har tsawon wata uku. A Jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44, gurbi 44,000 ke nan. Irin wannan shiri yakan zo ne kwatsam, kuma lokacin rajista ba ya da tsawo, saboda haka wanda ya daɗe zaune ba aiki ya kamata ya kimtsa tun kafin a yi shela.

Ka fara da takardu: lambar NIN, da lambar BVN, da asusun banki mai aiki, da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, wadda ake karɓa a sakatariya, galibi bayan mai unguwa ko dagaci ya tabbatar da kai. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Ka ajiye takardun a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, ka duba sunanka harafi bayan harafi, domin idan NIN ta ce Muhammad, banki kuma ya ce Mohammed, ko an sa sunan mahaifinka a gaba a wata takarda an mai da shi baya a wata, kuɗinka na iya maƙalewa bayan ka riga ka sha rana kana yashe magudanar ruwa. Gyaran suna yana ɗaukar makonni, don haka ka yi shi yanzu.

Bayan haka ka san inda labari yake fitowa. Ka riƙa leƙa allon sanarwa na sakatariya da ofishin NDE na jiharka, ka saurari rediyo, kuma ka gabatar da kanka ga kansilan mazaɓarka da mai unguwa, ka faɗa musu abin da ka iya. Ba a sayen gurbi. Duk wanda ya nemi ka ba shi kuɗin fom, ko ya ce ka turo masa lambar sirrin katinka, ɗan damfara ne.

Idan Allah ya sa sunanka ya fito, abin da ya fi damuna shi ne yadda wata ukun nan suke wucewa mutum bai ƙulla komai ba. Aikin yakan kasance share kasuwa, ko cike ramukan hanya, ko gyaran ajujuwa da asibitoci, kuma a wurin za ka haɗu da magina da kafintoci da masu fenti waɗanda kullum suke neman yaran aiki masu riƙon amana. Ka zo da wuri, ka tabbatar an rubuta sunanka a rajistar halarta kowace rana, ka manne wa gwani ɗaya kana riƙe masa cebur da magwaji har ya san fuskarka. Daga kuɗin wata na farko ka cire wani abu ka sayi kayan aiki naka, ko da cokalin gini ne da guduma.

Kafin shirin ya ƙare, ka nemi mai kula da ku ya rubuta maka takardar shaidar cewa ka yi aikin, da kwanan wata da hatimi. Da ita za ka je ofishin NDE ka nemi shiga tsarinta na koyon sana'a a wurin ƙwararru, sannan idan hannunka ya faɗa, ka zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, domin takardarta ce kamfanoni da ma'aikatu suke nema idan za su ɗauki mai sana'ar hannu.