Yadda za ka zaɓi mafi ƙarancin sigar CMake ga manhajarka

CMake kayan aiki ne na tsara yadda ake gina manhaja. An sha tambayata wace lamba ta dace a saka a cmake_minimum_required, wato umarnin da ke fayyace mafi ƙarancin sigar CMake da manhaja ke buƙata, idan manhaja ta kowa da kowa ce. Ga yadda ake yi.

1. Rubuta tsarukan kwamfuta (irin su Ubuntu da Debian) da masu amfani da manhajarka suke kai.

2. Duba sigar CMake da kowanne ya zo da ita. Ubuntu 22.04 na da 3.22, Debian 12 na da 3.25, Ubuntu 24.04 kuma 3.28.

3. Ɗauki mafi tsufa a cikinsu.

4. Buɗe CMakeLists.txt, fayil ɗin da ke ɗauke da umarnin CMake na manhajarka, ka tantance ko umarnin da kake amfani da su suna aiki a sigar da ka ɗauka. Misali, FetchContent_MakeAvailable sai daga 3.14 yake aiki.

Hattara: a nan aka fi yin kuskure. Kada ka kwafi sigar da ke kwamfutarka. Taka sabuwa ce, ta mutane da yawa kuwa ba haka ba, kuma kuskuren farko zai sa su haƙura su tafi.

5. Kada ka sauka ƙasa da 3.5, domin CMake 4.0 ya daina karɓar lambar da ta gaza 3.5.

6. Girka ainihin sigar da ka zaɓa, ka gina manhajar da ita tun daga farko. Wannan matakin bai kamata a tsallake shi ba.

7. Rubuta lambar a README, fayil ɗin bayanin manhajar.