Yadda Ake Shirya Hutu a Ƙaramin Tsibiri na Maldives

Yawancin mutanenmu da na ga sun sha wuya a tafiyar Maldives, musamman ango da amarya, hoto ne ya ja su. An ga ɗaki a kan shuɗin ruwa a Instagram, an biya, an yanki tikiti, sai an sauka filin jirgi sannan ake tambayar ta ina ake bi zuwa otal ɗin. Ƙasar nan tsibirai ne kusan 1,200 warwatse a Tekun Indiya, waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su kai 200 ba, kuma mafi yawansu babu titi tsakaninsu. Filin jirgin saman Velana shi kansa a kan tsibirinsa yake, Hulhule. Gadar da aka buɗe a 2018 ita ta haɗa shi da Male, babban birnin, akwai kuma hanyar mota zuwa Hulhumale. Daga nan mota ta ƙare. Ba zan tsaya kan fasfo da farautar tikiti mai sauƙi ba, wanda ya kai ga tunanin Maldives ya san wannan.

Na farko, zaɓi irin tsibirin

Iri biyu ne. Akwai tsibirin da otal guda ya mallake shi gaba ɗaya, babu kowa sai baƙi da ma'aikata. Shi ne na cikin hotuna, shi ne mai tsada, a can ake sayar da giya, kuma duk abin da za ka ci ko ka sha a hannunsu za ka saya, a farashin da suka ga dama. Akwai kuma tsibirin da 'yan ƙasa ke zaune, da masallaci da makaranta da shaguna. Tun 2009 aka ba su damar buɗe gidajen baƙi, shi ya sa mai matsakaicin ƙarfi ma yake iya zuwa yanzu.

Ni na biyun nake cewa a je. Mutanen Musulmi ne, babu giya babu naman alade, ba sai ka tsaya tambayar halaccin abin da ke faranti ba, kuma matarka da hijabinta ba wanda zai ɗaga kai ya kalle ta. Maafushi ya fi kowane sauƙi ga sabon zuwa, sai dai ya cika da jama'a. Gulhi na kusa da shi, ya fi shiru. Thoddoo na da gonakin kankana da gwanda. Dhigurah na da dogon rairayi amma da nisa. In kana ƙwaɗayin ɗakin kan ruwa, yi kwana huɗu a tsibirin 'yan ƙasa, ka ƙarasa ɗaya ko biyu a na otal. Su zama tsibirai masu kusa da juna dai, don kada kuɗin sufuri ya ninka.

Lokaci kuwa, Disamba zuwa Afrilu ne rani, teku kwance, farashi a sama. Mayu zuwa Nuwamba akwai ruwan sama da iska, farashin ɗakuna na karyewa. Wanda ba ya son girgiza a kan ruwa ya biya kuɗin rani ya huta.

Na biyu, jirgin ruwa, kuma a nan ake faɗuwa

Kada ka biya ɗaki, kada ka yanki tikitin jirgin sama, sai ka san abu uku: me zai ɗauke ka daga filin jirgi, ƙarfe nawa yake tashi, nawa ne kowane mutum zuwa da dawowa. Ka rubuta wa mai masaukin ta WhatsApp ko imel ya ba ka amsa a rubuce. In ya ce maka "kada ka damu, za mu shirya", sake tambaya har sai ya faɗi lokaci da kuɗi.

Hanya ta farko jirgin fito na gwamnati. Araha ne ƙwarai, 'yan daloli kaɗan, zuwa Maafushi kamar awa ɗaya da rabi. Amma halinsa irin na motar kasuwar ƙauye ne: in ya tashi ya tashi, sai gobe ko jibi. Ba kuma daga filin jirgi yake tashi ba, sai ka shiga tasi ka tsallaka Male da akwatunanka. Abin da ya fi kama mutane: ba ya aiki ranar Juma'a. Juma'a da Asabar ne hutun ƙarshen mako a can. Mu kuwa mun saba a ɗaura aure, a ƙare biki, a tashi daren Alhamis, a sauka Juma'a, daidai ranar da fito ke hutu.

Hanya ta biyu kwale-kwale mai gudu da ake haɗuwa a shiga. Zuwa Maafushi minti 30 zuwa 45, kusan dala 25 kowane mutum. Wannan nake so, mai masauki ne zai kama maka kujera. Shi ma yana da jadawali, tsibiran nesa sau ɗaya ko biyu kawai a rana, kuma ranar Juma'a ana dakatawa wajen lokacin salla. In ka rasa na ƙarshe, zaɓi biyu ya rage: ka yi shatar kwale-kwale kai kaɗai, kuɗinsa ya ninka na kujera sau da yawa, ko ka kwana Hulhumale alhali ɗakin da ka biya yana can a kulle.

Hanya ta uku ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, na otal-otal masu nisa. Da rana kaɗai yake tashi, matuƙi sai yana ganin ruwan da zai sauka. Ƙasar na kan tsakiyar duniya, rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, don haka wanda jirginsa bai sauka kafin ƙarfe 3 na rana ba, ya sa a ransa kwanan Male. Kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne kowane mutum, sau tari ba ya cikin farashin ɗakin da ka gani a intanet. Na ga ma'auratan da suka yi murnar samun ɗaki da rangwame, ashe kallon kitse suka yi wa rogo, kuɗin kai su wurin ya kusa kamo na kwanan gaba ɗaya. Kaya ma da iyaka, kilo 20 da 'yar jakar hannu, abin da ya ɗaru sai an biya. Akwatunan lefe su zauna a gida.

To, da wannan jadawalin a hannu za ka koma ka zaɓi jirgin sama. Daga Najeriya ko Nijar babu mai zuwa kai tsaye, sai an yada zango a Doha ko Dubai ko Istanbul. Nemi mai sauka da safe, ba ranar Juma'a ba. Bar aƙalla awa biyu tsakanin saukarka da tashin kwale-kwale, saboda layin shige da fice da jiran kaya. Ka tuna agogonsu na gaba da namu da awa 4, lokacin da ke kan tikiti nasu ne. Tikitin da ya fi araha da dala 60 amma yana sauka da tsakar dare, lissafa kwanan otal da tasi a kai ka gani ko har yanzu araha ne.

Sai maganin tashin zuciya. Sha minti 30 kafin shiga, ba bayan ciki ya fara juyawa ba. Zauna daga baya kusa da inji, can ya fi kwanciya, gaba ne ke dukan igiyar ruwa. Kada ka cika ciki da shayi mai madara a filin jirgi. Waya da fasfo a leda.

Na uku, takardu

Biza kyauta ce, a filin jirgi ake buga ta, ta kwana 30. Za a nemi tikitin komawa da shaidar ka kama ɗaki a masauki mai rajista. Buga su a takarda, kada ka dogara da waya. Akwai fom na intanet mai suna IMUGA da ake cikewa cikin awa 96 kafin sauka, kyauta ne a shafin hukumar shige da ficensu, duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa rufe shi. Katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawan nan, dole ne ga mai zuwa daga ƙasashenmu, kuma allurar sai ta kwana 10 kafin ta zama karɓaɓɓiya. Kada a bari sai makon biki. Giya, naman alade, gumakan bauta da sigarin lantarki ba sa shiga ƙasar.

Na huɗu, kuɗi

Farashin da aka rubuta ba shi za ka biya ba. Ana ɗora kashi 10 na hidima, sannan harajin yawon buɗe ido kashi 17 tun Yulin 2025, sai harajin muhalli kowane mutum kowane dare: dala 6 a ƙananan gidajen baƙi, dala 12 a manyan otal. Ɗakin dala 100 ga mutum biyu a gidan baƙi zai tashi kusan dala 141. Tambayi ko farashin har da haraji, a ɗaki da abinci da yawon teku duka.

Tafi da dala tsaba, sababbi, marasa yagewa ko tambarin biro, don suna ƙin tsofaffi. Ka faɗa wa ɗan canji tun a gida, ka haɗa da ƙanana na 5 da 10. Kuɗinsu rufiyaa, dala ɗaya 15.42 a hukumance; canza kaɗan don shago da shayi, ba ya canzuwa a wajen ƙasar. Katin naira kada ka jingina da shi. Layin waya na Dhiraagu ko Ooredoo a filin jirgi za ka saya kafin ka hau ruwa. Soket irin na Najeriya ne mai baki uku a mafi yawan masaukai.

Na biyar, zaman tsibirin

In ba ka iya iyo ba, faɗa. Ba abin kunya ba ne, kuma rafin garinku ba teku ba ne. Ruwan gaɓa na kaiwa gwiwa, ka yi ta tafiya a kan farin yashi, sai inda murjani ya ƙare ƙasa ta yanke lokaci guda, ruwan ya koma shuɗi mai duhu, a nan ne yake ja. Sa rigar kariya duk lokacin da za a fita kallon kifi, ka gwada tabarau da bututun numfashi a ruwan gwiwa tukuna. Kada ka taka murjani: yana yanka, kuma rayayyen abu ne. Baƙar fata ma na ƙonewa a wannan ranar, ƙeya da kafaɗa za su saɓule, shafa man kariya. Babu zazzaɓin cizon sauro irin namu, amma akwai na dengi, riƙe maganin sauro.

Mabiya mazhabar Shafi'i ne, za ka ji an bayyana bisimilla, an ɗaga hannu a ƙunutin asuba. Alƙibla tana yamma maso arewa, kada sabo ya sa ka fuskanci mafitar rana. Shaguna na rufewa lokacin salla, a azumi kuma gidajen abinci sai yamma. Turawa na da gaɓarsu da aka keɓe musu, wanda ba ya so ya kauce mata kawai.

Abinci kifin tuna ne da kwakwa safe da dare. Karin kumallo mas huni: tuna da kankararriyar kwakwa da albasa da barkono, a ci da roshi, wata siririyar gurasa. Garudhiya romon kifi ne da shinkafa da lemon tsami. Ci a shagon shayin 'yan gari, ya fi na masauki araha nesa ba kusa ba. Ƙullin yaji a jaka na taimakawa.

Komawa

Tabbatar da kujerar kwale-kwale kwana ɗaya kafin tafiya. In jirginka na safe ne, ko ranar Juma'a, ko lokacin iska ne, bar tsibirin tun ana gobe ka kwana Hulhumale, minti kaɗan ne a tasi zuwa filin jirgi. In da sauran lokaci leƙa Hukuru Miskiy a Male, masallacin dutsen murjani na 1658. Kada ka ɗebo murjani ko ƙoƙon kunkurun teku a matsayin tsaraba, doka ta hana fita da su. Ragowar rufiyaa kashe ta kafin ka shiga layi.