Yadda za ku sa ɗalibanku mata su kunna fitila a jikin kwali da hannunsu

Malamai 'yan uwana masu koyar da kimiyya a makarantun 'yan mata, don Allah mu rage zana batir da waya a allo muna cewa a kwafa. Yarinya za ta haddace tsaf ta ci jarrabawa, amma ka miƙa mata batir sai ta janye hannu wai kar ya ja ta, abin nan yana damuna sosai. Ga wani aiki da nake yi da nawa ɗaliban, ba sai da ɗakin gwaje-gwaje ba, minti 40 ya ishe ku.

Ku nemo batir ɗin nan mai faɗi kamar maɓalli wanda aka rubuta CR2032 a jikinsa, volt 3 ne, sai ƙananan ƙwan fitila na LED, takardar aluminiyam ta naɗe kaya, kwali, salatif, almakashi da fensir mai kala. Ku raba ɗaliban uku-uku, in suka wuce haka mai baki a cikinsu ce za ta ƙwace aikin sauran su zama 'yan kallo.

Da farko batir da ƙwai kawai za ku ba su, ku ce a kunna, kar ku yi bayanin komai. Ƙwan yana da ƙafa biyu, doguwa da gajera, doguwar ce ke taɓa gefen da ke da alamar +, kuma ta hanya ɗaya kawai wuta ke bi ta cikinsa, don haka dole wasu nasu ya ƙi kamawa. Nan ne wahalar take gare mu malamai, hannu zai riƙa ƙaiƙayi ka karɓa ka gyara. Ku goya hannunku a baya. Akwai wata ɗalibata mai shiru-shiru da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, ta yi ta jujjuya ƙwan tana leƙa ƙafafunsa, da ta juya batir ɗin ƙwan ya yi ja sai ji muka yi ta ce "Malama ya kama!" da ƙarfi, ita ce kuma ta zagaya tana nuna wa sauran. Sai bayan sun gano da kansu za ku faɗi dalili.

Daga nan kowane rukuni ya zana abin da ransa ke so a kwali, gida ne, mota ce, fure ne, su huda inda suke so haske ya fito su zura ƙwan. A bayan kwalin za su manna siraran aluminiyam guda biyu, ɗaya daga gajeriyar ƙafa zuwa ƙarƙashin batir, ɗayan daga doguwar zuwa kusurwar kwalin, yadda in an lanƙwaso kusurwar za ta danne saman batir mai alamar +, makunnin ke nan. In ya ƙi kamawa yawanci abu biyu ne, ko siraran sun haɗu wuta ta yanke hanya ba ta bi ta ƙwan ba batir ya yi ɗumi ya mutu da wuri, ko kuma salatif ya shiga tsakanin ƙafar da aluminiyam, shi kuwa ba ya wuce da wuta.

In lokaci ya rage ku yanke siri ɗaya ku bar giɓi, su cike shi da cokali, rular roba, makulli, su fara cinkar wanne zai kunna kafin su gwada. Ina ba su labarin Alessandro Volta na Italiya da ya haɗa batir na farko a 1800 da jan ƙarfe da tutiya da ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri, daga sunansa aka samo volt, da kuma Hertha Ayrton wadda a 1899 ta zama mace ta farko a ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Ingila.

Ku ja musu kunne sosai kar wadda ta je ta gwada da soket, wutarsa tana kisa. Kuma ku ƙirga batiran kafin a tashi, kar ko ɗaya ya bi wata gida, in ƙaramin yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙoshi cikin awa 2.